Inda Igiyar Guga ta Ƙare

Ranar 13 ga Mayu, 1619, da safe, aka fito da wani dattijo mai shekara 71 zuwa farfajiyar fadar gwamnati a birnin Hague na ƙasar Holan. Yana tafe yana dogara sanda. Aka hau da shi kan dandamali, ya durƙusa, hauni ya fille masa kai a gaban jama'a. Sunansa Johan van Oldenbarnevelt, mutumin da ya fi shekara talatin yana jan ragamar al'amuran ƙasar, wanda kuma ya yi ruwa ya yi tsaki wajen ƙwato ta daga hannun Sifaniya. Laifin da alƙalai suka ɗora masa na siyasa ne. Amma wutar da ta cinye shi daga ɗakin karatu ta tashi, daga gardamar wasu malamai biyu na Jami'ar Leiden a kan tambaya guda: shin tun kafin a halicci duniya Allah ya riga ya ware waɗanda zai ceta, in kuwa haka ne, a kan wane dalili ya ware su? Kwana huɗu kacal kafin kisan aka sallami baƙin malaman da suka zo daga Ingila da Jamus da Siwizalan, bayan sun shafe wata shida a garin Dort suna yanke hukunci a kan wannan tambaya.

Shekara goma sha biyu kafin haka, a birnin Rum, wata kotu ta daban ta yi zama a kan tambaya mai kama da wannan. Ta kwashe kusan shekara goma tana sauraron ɓangarori biyu na malaman Katolika, sannan a 1607 Fafaroma Bulus na Biyar ya sallami kowa ba tare da ya ce ga mai gaskiya ba. Ya ce kowane ɓangare ya ci gaba da koyar da ra'ayinsa, amma kada wani ya sake kiran ɗan'uwansa ɗan bidi'a. Hukunci kuwa zai zo a lokacin da ya dace. Yau fiye da shekara ɗari huɗu ke nan, lokacin bai yi ba.

Mai karatu mai taushin zuciya zai yi saurin cewa Rum ta yi daidai, Dort ta yi kuskure, a naɗe tabarma. Ni ma can na fara karkata. Da na bi sawun labarin sai na ga maganar ba ta da wannan sauƙi, domin a wuraren biyu duk an ambaci gaibu, kuma a kowanne akwai abin da ya hana ni gamsuwa da yadda aka ambace shi. Abin da nake son bincikawa shi ne, yaushe ne faɗin "wannan ya fi ƙarfin saninmu" yake zama gaskiya da tawali'u, yaushe kuma yake zama mafakar malalaci ko sanda a hannun mai iko.

Ya kamata a fara gyara zama a kan kalmar kanta. Ƙaddara a bakin Bahaushe riga ce mai faɗi: arziki da tsiya, aure da haihuwa, ciwo da ajali, duk suna shiga cikinta. Zai ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ya waiwaya ya ce wa ɗansa mai son jiki, Allah ya ce tashi in taimake ka. Kuma ba ya jin ya yi tufka da warwara. Wanda ya zauna gaban malamin tauhidi ya ji labarin Jabariyya da Ƙadariyya ma ya san masana sun daɗe suna kai ruwa rana a kan iyakar zaɓin ɗan Adam. Sai dai tambayar malaman Kirista ta fi wannan ƙunci, ta kuma fi tsini, saboda a kan ceto take. A koyarwarsu, zunubin Adamu ya yi wa zuriyarsa karayar da ba za su iya miƙewa daga gare ta da ƙarfin kansu ba, ceto kuwa alheri ne, wato kyauta ce da ba a saye da aiki. To in bangaskiya ma kyauta ce, ga shi kuma ba kowa ke ba da gaskiya ba, ashe Mai kyautar ya ba wasu ya hana wasu ke nan. In ya ba su ne don ya hango wani abin kirki a tare da su, kyauta ta zama lada. In kuwa ba don komai nasu ba ne, ina laifin wanda aka tsallake?

Littafi Mai Tsarki bai sauƙaƙa musu ba. A wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 9, an kawo misalin Yakubu da Isuwa, tagwayen da aka fifita ɗaya a kan ɗaya tun suna ciki, ba su aikata alheri ko sharri ba, aka kuma kwatanta Allah da maginin tukwane mai iko a kan yumɓunsa. A wasiƙar farko zuwa ga Timoti kuma, sura ta 2, an nuna cewa Allah yana son dukan mutane su tsira. Shi kansa Bulus, bayan surori uku yana jera hujja, bai rufe sura ta 11 da warware ƙullin ba. Da yabo ya rufe ta, yana mamakin zurfin hikimar Allah da hukunce-hukuncensa waɗanda ba a iya bin diddiginsu. Duk wanda ya shiga wannan gardama a ƙarnukan da suka biyo baya, nan yake zuwa ya tsaya in numfashinsa ya ƙare. Bambancinsu yana cikin nisan da kowa ya yi kafin ya tsaya, da abin da ya yi wa abokin gardamarsa bayan ya tsaya.

Wanda ya fara ɗaure ƙullin tamau ɗan Afirka ne. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rayu daga 354 zuwa 430. Abokin karawarsa Felajiyus mutum ne mai tsantseni daga Birtaniya, wanda ya zauna a Rum ya ga yadda Kiristocin birnin suka saki jiki da sunan raunin ɗan Adam, abin ya ɓata masa rai. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma tana da ƙarfi: Allah mai adalci ba zai umarci bawa da abin da ba zai iya ba, in an ce ka yi, to kana iyawa. Agustin kuwa ya san daga rayuwar kansa shekarun da ya yi yana son ya bar abin da ya san sharri ne amma ya kasa, don haka ya ce cutar tana cikin nufin zuciyar ne, kuma mara lafiya ba ya ɗaga kansa daga tabarma da umarni. Majalisar bishop-bishop ta Kartaj ta goyi bayansa a 418.

Abin da ya fi jan hankalina ya faru bayan wannan nasara. Wajen shekara ta 426 wasu sufaye a Hadrumetum, garin Susa na Tunisiya a yau, suka karanta koyarwar Agustin, sai wasunsu suka ce, in dai komai alherin Allah ne, don me shugaban gidanmu zai tsawata mana idan mun yi laifi? Ya yi mana addu'a kawai Allah ya ba mu ikon gyarawa. Tambayar ta yi kama da ta ɗalibi mai neman hanyar gudu, amma ba ta wauta ba ce. Agustin ya amsa musu da littafi guda. Ya ce tsawatarwar ma tana iya zama hanyar da Allah zai bi ya gyara mutum. Tunda kuma ba mu san wane ne zaɓaɓɓe wane ne ba zaɓaɓɓe ba, wajibinmu ne mu so ceton kowa, mu yi wa kowa gargaɗi. A duba abin da rashin sani ya haifar a nan. Bai ce tunda ba mu sani ba mu naɗe hannu ba. Ya mai da rashin sanin dalilin da zai hana a cire rai da kowane mutum. In aka matsa masa kuma da cewa don me wannan ba wancan ba, sai ya koma ƙarshen sura ta 11, ya ce nan ƙafarsa ta tsaya.

Magadansa ba duka suka gaji wannan ɓangare na halinsa ba. Majalisar Orange ta 529 ta riƙe cewa alherin Allah ne ke fara komai, ta kuma la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata sharri, ta bar tsakiyar a buɗe. Shekara ɗari uku da 'yan kai bayan haka wani sufi Bajamushe, Gotshalk, ya ce ƙaddarar biyu ce, wasu zuwa rai wasu zuwa halaka. Aka hukunta shi a Mainz a 848, aka sake hukunta shi a Quierzy a 849, aka yi masa bulala, aka sa ya jefa rubutunsa cikin wuta da hannunsa, aka tsare shi a gidan sufaye na Hautvillers kusan shekara ashirin har ya mutu bai janye ba. A 1551 kuma, a Janiba, wani likita mai suna Jerome Bolsec ya miƙe a taron malamai ya ce koyarwar Jon Kalbin a kan ƙaddara ta mai da Allah mafarin zunubi. Aka kulle shi, aka kore shi daga birnin. An daki ɗaya don ya ce ƙaddara biyu ce, an kori ɗaya don ya ce ba haka ba ne, kuma alƙalan kowannensu sun yarda da bakinsu cewa zancen yana da zurfin da hankali ba ya kaiwa.

Ganin irin wannan, mutum zai ce to a bar kaza cikin gashinta mana. Kusan haka Irasmus, babban masanin Holan, ya ce a 1524 sa'ad da ya yi rubutu a kan 'yancin nufin ɗan Adam. A ganinsa akwai wurare a cikin Littafi da Allah bai so a kutsa cikinsu ba, kuma tone-tone a gaban talakawa ba ya ƙara wa kowa tsoron Allah. Ya isa mutum ya yi ƙoƙari, in ya dace ya gode wa Ubangiji, in ya fāɗi ya zargi kansa. Martin Luta ya mayar masa da martani a 1525 da zafi. Ya gode masa da ya bar ƙananan maganganu ya kama ainihin lamarin, sannan ya ce wannan ba zancen gefe ba ne da za a ture: mutumin da bai san me yake hannunsa me yake hannun Allah ba a sha'anin cetonsa, bai san wa zai dogara gare shi ba, bai san wa zai gode wa ba.

A nan, duk da kaushin harshensa, ina ganin Luta yana da gaskiya. Shi ya yi shekaru a gidan sufaye yana kwana da fargabar ko yana cikin waɗanda aka yasar. Ga irin wannan mutum, "a bar maganar" ba magani ba ce, kamar a ce wa mai ciwon haƙori ya daina tunaninsa. Abin da ya taimake shi shawarar shugabansa Staupitz ce, wanda bai ce masa tambayar banza ce ba, ya dai juya masa fuska daga ɓoyayyen hukuncin da ba zai iya karantawa ba zuwa ga Almasihu da aka bayyana masa. Masu tarihin Oldenbarnevelt sun ruwaito cewa taken da ya riƙe a sha'anin addini shi ne, rashin sanin komai ya fi kowace bangaskiya aminci. Ina tausayin dattijon, amma ban yarda da takensa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wanda ya zaɓe shi tun daga bakin ƙofa bai yi tawali'u ba, hutu ya nema.

Mutum uku ne a bakin rijiya mai zurfi. Na farko bai ko zura guga ba, ya ce rijiyar ta fi ƙarfin kowa. Na biyu ya zura har igiyarsa ta ƙare, sai ya ce nan ne gindin rijiyar, duk wanda ya ce akwai saura maƙaryaci ne. Na uku ya zura har ƙarshen igiya, ya ɗebo abin da ya samu, ya ce iyakar igiyata ke nan, rijiyar kuwa tana da saura. Na farko da na uku duk za su ce "Allah ne masani", amma ɗaya da busasshen hannu yake faɗa. Mafi yawan fitinar da wannan tarihi ya gani daga na biyu ta fito, musamman da yake ya iya aron maganar na uku in an ƙure shi.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, babu ɓangaren da igiyarsa ba ta ƙare ba. Kalbin ya ce zaɓen daga yardar Allah kaɗai yake, ba daga wani abu da ya hango a wurin bawa ba. Ka tambaye shi don me aka bar sauran, kuma ta yaya za a hukunta su da adalci, sai ya ce wannan a ɓoye yake. Bai ɓoye nauyin maganar ba: ya amince da kansa cewa hukuncin abin firgita ne, ya gargaɗi masu tone-tone cewa za su shiga hanyar da ba ta da mafita, ya kuma gargaɗi masu son a yi shiru a kan abin da Littafi ya faɗa. Arminiyus, ɗaya daga cikin malaman nan biyu na Leiden, ya ce alherin Allah yana zuwa wa kowa, ana kuma iya ƙin sa, kuma Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya. Ka ce masa, ga mutum biyu sun ji wa'azi ɗaya, alheri ɗaya ya same su, ɗaya ya karɓa ɗaya ya ƙi, me ya raba su? In daga mai karɓar ne, ya sami abin taƙama. In ba daga komai ba ne, ceto ya zama caca. In kuma Allah ya san wannan zai ƙi amma ya halicce shi duk da haka, ai tambayar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Luis de Molina, malamin ƙungiyar Jesuit wanda littafinsa na 1588 ya tayar da shari'ar Rum, ya kawo dabara mai kaifi: Allah yana da wani sani na tsakiya, ya san abin da kowane mai 'yanci zai zaɓa a kowane hali da za a iya sa shi, sai ya tsara duniya bisa wannan sani. Malaman ƙungiyar Dominik, ƙarƙashin Domingo Báñez, suka ce, a kan me wannan sani ya dogara, tunda mutumin bai wanzu ba, Allah kuma bai riga ya ƙaddara zaɓin ba? Tsugune ba ta ƙare ba.

Kowa ke nan yana da kusurwa mai duhu a ɗakinsa, ya dai zaɓi inda zai ajiye ta. Rashin adalcin yana farawa ne sa'ad da mutum ya kira duhun ɗakinsa gaibu mai tsarki, ya kira na maƙwabcinsa ruɗu da saɓo. Ban ce duk wuyar fahimta ɗaya ba ce. Akwai bambanci tsakanin a ce abu biyu duk suna da hujja amma ba mu ga inda suka haɗu ba, da a ce abu yana nan kuma ba ya nan a lokaci guda ta fuska guda. Na biyun ba gaibu ba ne, kuma kiran sa gaibu cin zarafin kalmar ne. Mai gardama yana da hakkin ya nuna cewa abokinsa ya faɗa cikin na biyun. Amma sai ya auna kansa da mudun da ya auna abokin, kuma a cikin wannan doguwar shari'a da wuya ka ga wanda ya yi haka.

Majalisar Dort misali ce mai ban mamaki. Arminiyus ya mutu a 1609. A 1610 mabiyansa suka miƙa wa hukuma takardar ƙorafi mai batutuwa biyar. Aka buɗe majalisar ranar 13 ga Nuwamba, 1618. Mabiyan Arminiyus, ƙarƙashin Simon Episcopius, ba a matsayin wakilai suka zo ba, a matsayin waɗanda ake tuhuma suka zo, kuma a watan Janairu shugaban zaman, Johannes Bogerman, ya kore su daga zauren cikin fushi. Amma wanda ya karanta hukunce-hukuncen da majalisar ta fitar zai tarar da harshe mai ladabi ƙwarai a gaban gaibu. Sun ce a koyar da zancen zaɓe da hankali da tsoron Allah, ban da leƙen asirin Maɗaukaki. Ga kuma abin lura: a cikin gidan su kansu akwai saɓani. Gomarus, abokin gardamar Arminiyus, yana ganin a tsarin hukunce-hukuncen Allah zaɓe da yasarwa sun riga ƙaddarar faɗuwar Adamu; mafi yawan wakilan suna ganin faɗuwar ce a gaba. Wato ana gardamar wanne ya riga wanne a cikin nufin Wanda duk suka yarda ba shi da jiya ba shi da gobe, wuri ne da igiya ta daɗe da ƙarewa. Majalisar ta rubuta hukuncinta da harshen masu rinjaye, amma ba ta hukunta Gomarus ba. Ashe sun san yadda ake haƙuri da saɓani a cikin duhu, in dai mai saɓanin ɗan gida ne. 'Yan waje kuwa, kimanin limamai 200 aka tuɓe daga muƙamansu, aka kori wasu daga ƙasar. Hugo Grotius, masanin shari'ar da duniya ke tunawa da shi har yau, ɗaurin rai da rai aka yi masa a gidan yarin Loevestein, sai a 1621 matarsa ta fitar da shi a ɓoye cikin akwatin littattafai.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Ikilisiya tana da hakkin ta ce ga abin da za a koyar a kan mumbarinta, kuma waɗanda aka tuɓe ɗin ba su shigo da hannu mai tsabta ba. A shekarun da Oldenbarnevelt ke da iko, hukumar lardin Holan ta hana a kai wannan gardama kan mumbari, aka kori wasu limaman da suka ƙi yin shiru, a 1617 kuma aka ba garuruwa izinin ɗaukar sojojin haya don tabbatar da doka. Da sunan zaman lafiya aka yi, da sunan cewa zancen ya fi ƙarfin talaka. Amma ga limamin da ya gaskata cewa ɗaukakar Allah ce ake tauyewa, wannan shiru ba tsaka-tsaki ba ne, takunkumi ne. Da Yarima Maurice ya koma bayan masu ra'ayin Kalbin da sojojinsa, takunkumin ya sauya baki kawai.

Wannan ne ya sa ban iya ba Rum cikakken yabo ba. Hukuncin 1607 yana da hikima; Molina ya mutu a 1600, Báñez a 1604, Fafaroma Kilemen na Takwas da ya kafa kotun ya mutu a 1605, kuma babu wanda aka daka ko aka ɗaure a ƙarshenta. Sai dai tawali'u ba shi kaɗai ne ya yi aiki ba. Ƙungiyoyin biyu duk masu ƙarfi ne, kuma 'yan Jesuit ba su daɗe da shan kora daga Banis ba saboda sun tsaya wa Fafaroma a rikicinsa da wannan birni. Ba lokacin kunyata su ba ne. A 1611 aka ƙara da dokar hana buga littafi a kan batun sai da izini. Wuta ce aka rufe da toka. A 1640 littafin Bishop Cornelius Jansen a kan Agustin ya fito bayan mutuwarsa, gardamar ta sake kamawa a Faransa, Rum ta la'anci batutuwa biyar a 1653, Blaise Pascal ya shiga da wasiƙunsa masu kaifi a 1656. A 1709 Sarki Luwi na Goma Sha Huɗu ya sa aka kwashe tsofaffin mata sufaye daga gidansu na Port-Royal aka warwatsa su, daga baya aka rushe ginin, har kaburbura aka tone. Waɗannan mata ba su da ƙungiya mai faɗa a ji a fada, saboda haka haƙurin da aka yi wa manya a 1607 bai kai gare su ba.

Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne, yarda da gaibu ba a kafa ta da doka, kuma ba a gane ta a baki, tunda kowa yana faɗa. Ana gane ta ne da hannun wa ta ɗaure. In na ce hukuncin Allah a ɓoye yake, mutum na farko da maganar ta kamata ta hana shi yanke hukunci ni ne. Kuma ba a kan wasu kaɗai ba, har a kan kaina. William Cowper, mawaƙin Ingila wanda waƙoƙinsa na ibada suka ƙarfafa dubban mutane, ya tabbatar wa kansa daga 1773 cewa Allah ya yasar da shi, ya rayu da wannan tabbaci har mutuwarsa a 1800. Ba zan ɗora wa koyarwar laifin duka ba, domin ciwon ƙwaƙwalwa ya taɓa shi tun kafin haka, kuma amininsa John Newton, mai ra'ayin Kalbin ne shi ma, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya nuna masa ba haka ba ne. Amma kuskuren da ke cikin azabarsa irin na alƙalan Gotshalk ne da aka juya: ya ɗauka ya karanta shafin da ba a buɗe wa kowa ba.

Akwai mutum biyu a ƙarnin Cowper da suka riƙe ra'ayinsu da ƙarfi amma suka bar gaibun ya ɗaure musu hannu, ko da yake sai da suka sha wuya kafin su koya. Jon Wesli da Joj Witfild abokai ne tun suna Jami'ar Oxford, su ne kuma manyan masu wa'azin farkawar addini a Ingila. Wesli yana bin ra'ayin Arminiyus, Witfild na Kalbin. A 1739 Wesli ya yi wa'azi mai zafi yana sukar koyarwar ƙaddara, ya buga shi. Witfild ya mayar masa da buɗaɗɗiyar wasiƙa, jama'arsu ta rabu gida biyu, kuma ba ta sake haɗuwa ba. Babu wanda ya janye ko kalma ɗaya ta aƙidarsa, babu kuma wanda ya ce zancen ba shi da muhimmanci. Abin da suka janye shi ne ikirarin sanin matsayin juna a wurin Allah. Cikin 'yan shekaru suka koma gaisawa da rubuta wa juna, har suna hawa mumbarin juna.

Witfild ya mutu ranar 30 ga Satumba, 1770, a Newburyport ta Amurka, yana cikin rangadin wa'azi. Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan a watan Nuwamba, kamar yadda mamacin ya so. A wannan shekarar ce kuma gardamar ta sake ɓarkewa tsakanin mabiyansu, da zagi da ƙazafi fiye da na farko. A cikin wasiyyar Witfild an tarar ya bar wa Wesli da ƙanensa Charles zoben makoki, ya rubuta cewa shaida ce ta haɗin zuciyarsa da su, duk da saɓaninsu a kan wasu batutuwa na koyarwa.